Buhari da man fetur: Sojan da ya shimfiɗa bututu zuwa Kano, ya sauka ana dakon mai a tanka

Kusan duk litar fetur da manomi zai zuba wa injin ban-ruwansa a ƙasar Bici a yau, ko ɗan acaɓa ya sha a gidan mai na bakin titin Kano zuwa Katsina, sai da ta yi tafiyar kilomita wajen dubu a cikin tanka daga bakin teku. Direba ya kwana uku ko huɗu a hanya, ya sayi dizal, ya sallami masu shinge, kuma duk wannan kuɗi a wuyan mai sayen lita ɗaya yake ƙarewa.

Ba haka aka tsara abin ba. Tsarin da aka zana a tsakiyar shekarun 1970 shi ne ɗanyen mai ya taso daga Escravos ta bututu, ya bi ta Warri ya iso Kaduna, a tace shi a can, a turo shi ta wani bututun zuwa daffon Hotoro a Kano. Daga nan tanka ta yi lodi da safe, kafin azahar ta sauke a Bici, wadda ba ta fi kilomita 40 da birni ba. Wanda aka ɗora wa alhakin wannan aiki wani hafsan soja ne ɗan shekara 33 daga Daura, Muhammadu Buhari.

An fi tuna marigayin da juyin mulkin 1983, da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, da shekaru takwas da ya yi a fadar Aso Rock. Amma akwai wani zare da ya ratsa rayuwarsa tun yana saurayin hafsa har ya tsufa, shi ne man fetur. Sau huɗu harkar tana faɗowa hannunsa tsakanin 1976 da 2023, kuma da wuya a nuna wani ɗan Najeriya da ya riƙe ta a matakai daban-daban kamar shi.

Sojan sufuri

An haife shi a Daura ranar 17 ga Disamba, 1942. Bayan ya gama Sakandaren Lardi ta Katsina ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, daga nan aka tura shi Mons a Ingila, ya fito da anini ɗaya a watan Janairun 1963. Abin da ba a cika ambata ba shi ne fannin da ya fara ƙwarewa a kai. A 1964 ya yi kwas na jami'an sufurin soja a Ingila, ya dawo ya riƙe sashen motoci a Legas. Bayan yaƙin basasa, wanda ya yi a Runduna ta Ɗaya a fagagen Ogoja da Abakaliki da Awka, ya sake komawa wannan fanni, inda ya zama muƙaddashin daraktan sufuri da samar da kayayyaki na rundunar sojan ƙasa a 1974.

Aikin irin wannan hafsa lissafi ne: motoci nawa, mai nawa za su sha, ina za a ajiye shi, yaushe zai isa bakin daga. Da wannan ido ya kalli man fetur duk tsawon rayuwarsa. A wurinsa mai kaya ne da gwamnati za ta kai wa jama'a a kan farashi ɗaya, kamar yadda ake kai wa bataliya abinci da harsashi. Ciniki da kasuwa da riba ba su taɓa zama yarensa ba. Wannan shi ne ƙarfinsa a farko, shi ne kuma ya ɗaure masa hannu a ƙarshe.

Juyin mulkin Yulin 1975 da ya kawo Janar Murtala Muhammed ya kai shi Maiduguri a matsayin gwamnan Jihar Arewa maso Gabas. Bai yi shekara ba aka kashe Murtala, kuma a watan Maris na 1976 Janar Olusegun Obasanjo ya kira shi Legas ya naɗa shi kwamishinan man fetur da albarkatun ƙasa na tarayya.

Ya zo ne a lokacin da ƙasar ke iyo cikin kuɗi amma tana layin mai. An gano mai a Oloibiri tun 1956, Najeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, sannan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 ya ninka farashin ganga kusan sau huɗu. Ƙarin albashin Udoji ya cika tituna da motoci da babura, alhali matata ɗaya tak ƙasar ke da ita, ta Fatakwal, wadda aka buɗe a 1965. A Arewa abin ya fi tsanani, domin mai sai ya hau jirgin ƙasa ko tanka kafin ya iso.

A daidai wannan lokaci ne kuma ƙasar noma irin ta Bici ke rasa abin da ta dogara da shi. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, sannan cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda buhunan ƙauyukan Bici da Dambatta da Gwarzo suka taimaka wajen ɗagawa, ta ɓace ba ta sake dawowa ba. Manomin da a da gyaɗarsa ke samo wa ƙasa kuɗin waje ya wayi gari yana jiran rabonsa daga man da ake haƙowa a wani wuri da bai taɓa gani ba. Rabon nan ta hanyoyi biyu ya fi isa gare shi: taki mai rahusa da fetur mai rahusa.

Bututu da daffo

Ranar 1 ga Afrilu, 1977 aka haɗe tsohon kamfanin mai na ƙasa da ma'aikatar man fetur aka kafa NNPC, Buhari ya zama shugaban hukumar gudanarwarsa na farko. A shekaru biyun da ya yi, gwamnati ta ba da kwangilar shimfiɗa bututun tataccen mai da gina daffo-daffo kusan 21, daga Legas zuwa Maiduguri, daga Kalaba zuwa Gusau. An ƙarasa matatar Warri aka buɗe ta a 1978. An kuma sa hannu da kamfanin Chiyoda na Japan kan gina matatar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ƙara zuwa 110,000.

An daɗe ana gardama kan hikimar gina matata a Kaduna, sama da kilomita 600 daga rijiyoyin mai. Masu suka sun ce siyasa ce kawai. Masu kare ta sun ce ya fi sauƙi a turo ɗanyen mai ta bututu ɗaya a tace shi kusa da masu amfani da shi, da a riƙa jigilar fetur da kananzir da dizal daban-daban. Akwai kuma wani sashe na matatar da aka gina don yin man giris da kwalta, wanda ɗanyen man Najeriya bai dace da shi ba, sai an shigo da mai nauyi daga ƙasashe irin su Venezuela. Wato tun ranar farko, rayuwar matatar ta rataya ne a kan bututu mai tsawo da ya ratsa daji da fadama da garuruwa. Muddin bututun na lafiya, komai na tafiya.

Kuma ya tafi na wani lokaci. Tare da Asusun Daidaita Farashin Mai da aka kafa a 1975, wanda ke biyan dillalai kuɗin dako, an kai ga matsayin da mai mota a Bici ke sayen lita a kan kuɗin da mai mota a Ikeja ke saya. A 1976 kwabo 9 ne lita. Wannan alƙawari na farashi ɗaya a faɗin ƙasa shi ne babban abin da talakan Arewa ya samu daga arzikin mai, ko da bai san sunan dokar da ta kawo shi ba. A kansa aka gina sana'ar direbobin haya, da masu injin niƙa, da noman rani da injin ban-ruwa da ya bazu a fadamu da kewayen madatsun ruwa irin na Watari, wanda kayan gwarinsa ke cika kasuwar Badume.

Buhari ya bar kujerar a 1978 ya koma bariki, amma ƙura ta biyo shi. A farkon mulkin Shugaba Shehu Shagari aka yi ta yayata cewa Naira biliyan 2.8 na NNPC sun ɓace ta wani asusu a bankin Midland da ke Landan. Shagari ya kafa kotun bincike a 1980 ƙarƙashin Mai Shari'a Ayo Irikefe. Kotun ta ce ba ta ga kuɗin da suka ɓace ba, sai dai ta gano sakaci a yadda kamfanin ke riƙe lissafinsa. Ba a kama Buhari da laifi ba, amma maganar biliyan 2.8 ta zama abin da abokan hamayya ke tonowa duk lokacin zaɓe. Abin lura a rahoton shi ne, tun kamfanin yana ɗan shekara uku aka ce littafinsa ba ya karantuwa. Sai a 2020 NNPC ya fara wallafa rahoton kuɗinsa da masu bincike suka tantance.

Wata ashirin a Dodan Barracks

Lokacin da ya hamɓarar da Shagari ranar 31 ga Disamba, 1983, kasuwar mai ta riga ta karye. Ganga ta yi yawa a duniya, OPEC ta ƙayyade wa Najeriya ganga miliyan 1.3 a rana, bashi ya taru, shaguna babu madara babu sabulu. Ya ɗauko malamin jami'a, Farfesa Tam David-West, ya ba shi ma'aikatar mai. Su biyun suka matsa wa OPEC har ta ƙara wa Najeriya kaso zuwa ganga miliyan 1.45, kuma a watan Oktoban 1984 suka rage farashin ɗanyen man ƙasar ba tare da jiran izinin ƙungiyar ba, bayan Norway da Birtaniya sun rage nasu.

Asusun IMF ya ce zai ba da rance idan aka karya darajar Naira aka kuma janye tallafin mai. Buhari ya ƙi. Maimakon haka ya koma ga cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda: a ba ƙasashe irin su Brazil ɗanyen mai, su kawo kaya. Lita ta tsaya a kwabo 20 har ya sauka.

Ga ɓarayin mai kuwa, maganin soja ya kawo. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi hukuncin kisa ga mai satar mai ko fasa bututu, har aka yanke wa wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan ƙasar Sifaniya hukuncin, kafin daga baya a sassauta. Ya canza launin kuɗi a watan Afrilun 1984, ya rufe iyakokin ƙasa don daƙile fasa-ƙwauri. Rufewar ta zo daidai da mummunan fari, ta yanke wa mutanen Maraɗi da Damagaram hanyar hatsi daga kasuwannin Kano da Katsina. Har gobe a Nijar ana kiran yunwar wannan shekara da sunan El-Buhari.

Ranar 27 ga Agusta, 1985 Janar Ibrahim Babangida ya kifar da shi. Ya shafe sama da shekara uku a tsare, akasari a Benin, sai a Disamban 1988 aka sake shi. Kafin ya fito, lita ta haura kwabo 40.

PTF

A watan Oktoban 1994 Janar Sani Abacha ya ɗaga farashin lita daga Naira 3.25 zuwa 15, da aka yi ca ya mayar da ita 11. Don jama'a su haƙura, ya yi alƙawarin zuba rarar a wani asusu na musamman, PTF, kuma ya san babu wanda zai yarda da alƙawarin sai an ɗora wanda ake ganin ba ya taɓa dukiyar gwamnati. Ya nemo Buhari daga ritaya. An ƙaddamar da hukumar a watan Maris na 1995.

Idan ana neman inda ƙaunar da talakan Kano ya yi wa Buhari ta samo tushe, a nan ne. Mutanen karkara ba su ga bututun 1977 ba, domin a ƙarƙashin ƙasa yake. PTF kuwa sun gan ta da ido: allunanta a bakin titunan da aka sake zuba wa kwalta, magani mai tambarinta a asibitin gwamnati a kan kuɗi kaɗan, littattafai da kujeru a makarantu, famfunan da suka dawo da kawo ruwa. A karon farko mutum zai iya nuna abu ya ce wannan da kuɗin da aka ƙara mini a gidan mai aka yi shi. Sunan Mai Gaskiya daga nan ya kama bakin mutane, kuma shi ya zama jarinsa na siyasa daga 2003.

Sai dai labarin bai ƙare a allunan ba. Kusan duk ayyukan hukumar ta hannun kamfanin tuntuɓa guda ɗaya suka bi, Afri-Projects Consortium, ƙarƙashin marigayi Salihijo Ahmad. Da Obasanjo ya dawo a 1999 ya rushe PTF, kwamitin riƙo da ya kafa ƙarƙashin Dokta Haroun Adamu ya yi zargin an yi almubazzaranci da kimanin Naira biliyan 25 ta hanyar kwangiloli. Obasanjo da kansa ya faɗa daga baya cewa bai samu Buhari da cin kuɗi ba. 'Yan Kudu kuma sun yi ta ƙorafin cewa Arewa ta fi kwasar ayyukan. Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi: a watan Nuwamban 1995, Buhari na kan kujerar raba kuɗin mai, gwamnatin da yake yi wa aiki ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas, mutanen da ke kukan yadda haƙar man ta lalata musu ƙasa da ruwa. Bai ajiye aiki ba. A 2008, a Kano, ya ce Abacha bai saci kuɗi ba. Gwamnatinsa ce kuma daga baya ta karɓi Dala miliyan 322 daga Switzerland da wasu miliyan 311 daga tsibirin Jersey, duk da sunan kuɗin Abacha.

Wani hali ya bayyana a PTF wanda zai sake dawowa: shi ba ya ɗauka, amma idan ya amince da mutum sai ya sakar masa ragama ya juya baya.

A nan ya bambanta da wasu takwarorinsa na soja da su ma suka shiga harkar mai. Janar T.Y. Danjuma ya samu rijiyar OPL 246 a 1998 ta kamfaninsa SAPETRO, ya sayar wa kamfanin CNOOC na China kashi 45 cikin ɗari a 2006 a kan sama da Dala biliyan 2. Kanar Sani Bello, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1975 zuwa 1978, ya shiga harkar ta kamfanin Amni. Buhari kuwa, a bayanin kadarorinsa da fadarsa ta fitar a 2015, an lissafa kimanin Naira miliyan 30 a banki, da gidaje, da shanu 270, aka kuma ce ba shi da rijiyar mai ko kamfani.

Ministan kansa

A 2015 Jihar Kano ta ba shi ƙuri'a sama da miliyan 1.9, mafi yawa a ƙasar. Cikin abin da masu zaɓen suka sa rai har da mai. Mutumin da ya gina matatu zai gyara su. Mutumin da a 2011 ya ce maganar tallafin mai damfara ce zai tona asirin masu cin kuɗin. Da ya riƙe wa kansa kujerar ministan man fetur, ya naɗa Ibe Kachikwu ƙaramin minista, magoya bayansa suka ce ai kuwa an zo wurin.

Ya yi rashin sa'ar lokaci, wannan gaskiya ne. Gangar da ta haura Dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da 30 a Janairun 2016. Tsagerun Niger Delta Avengers suka shiga fasa bututu, abin da ake haƙowa ya ragu zuwa wajen ganga miliyan 1.4 a rana, tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali. Bayan watanni ana kwana a layi, ranar 11 ga Mayu, 2016 gwamnati ta ɗaga lita daga Naira 86.50 zuwa 145. Shekara huɗu kafin nan, lokacin da Goodluck Jonathan ya kai ta 141, Kano ta tsaya cik, matasa suka mamaye dandalin Silver Jubilee, aka rasa rayuka. A 2016 ƙungiyar ƙwadago ta kira yajin aiki, Kano ta buɗe kasuwanninta. Baba ne ya ƙara, don haka akwai dalili. Babu wani shugaba da aka taɓa yi wa irin wannan uzuri a kan mai.

Abin da aka yi da uzurin shi ne abin tambaya. Kachikwu ya yi alƙawarin ajiye aiki idan Najeriya ba ta daina shigo da mai a 2019 ba. A 2017 wata wasiƙarsa ta fito fili, inda yake kai ƙarar shugaban NNPC Maikanti Baru kan kwangilolin kimanin Dala biliyan 25 da ya ce an bayar ba da sanin hukumar gudanarwa ba, yana kuma kukan cewa ya kasa samun ganin shugaban ƙasa, wato ministan da yake ƙarƙashinsa. NNPC ya musanta zargin, maganar ta mutu a haka. Rahoton kuɗin kamfanin na 2018 ya nuna matatar Kaduna ba ta shigo da ko kwabo ba a shekarar, amma ta ci sama da Naira biliyan 60. A 2020 aka rufe matatun gaba ɗaya. A 2021 majalisar zartarwa ta amince da Dala biliyan 1.5 don gyaran ta Fatakwal, da wasu kusan biliyan 1.5 don Warri da Kaduna. Ya sauka babu wadda ke tace mai a cikinsu.

Akwai wani abu da ya faru a Nuwamban 2020 da ya isa ya nuna inda aka kwana. Najeriya, mai matatu huɗu da aka gina don tace ganga 445,000 a rana, ta sa hannu kan yarjejeniyar sayo tataccen mai daga matatar Soraz ta Damagaram, mai ganga 20,000. Shekara guda kafin nan gwamnatin ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya jefa garuruwa irin su Jibiya da Maigatari hannun 'yan bumburutu, su da ba su da laifin komai sai zama kusa da Nijar.

Tallafin da ya ce babu shi ya dawo da wani suna, ya kumbura. A 2022 kaɗai NNPC ya ce ya kashe kimanin Naira tiriliyan 4.4 a kansa. A shekarar ce yaƙin Rasha da Ukraine ya mayar da ganga sama da Dala 100, sauran ƙasashe masu mai suna tara kuɗi, Najeriya kuwa abin da take haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a watannin Agusta da Satumba saboda sata. Mutumin da ya taɓa tanadar wa ɓarawon mai harsashi, gwamnatinsa ce ta ba kamfanin tsohon jagoran tsageru, Tompolo, kwangilar gadin bututu. Ba a jima ba aka gano wani bututun sata mai tsawon kilomita 4 a yankin Forcados, wanda shugaban NNPC Mele Kyari ya ce ya shekara tara yana aiki.

A ƙauyukan Kano, farashin gwamnati ya zama labari a takarda. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 lita a hukumance ba ta kai Naira 200 ba, amma gidajen man da ke sayarwa a haka layinsu ba ya ƙarewa, sauran kuma sun sa nasu farashi. Manomin rani da tumatirinsa ke neman ruwa yau ba zai iya kwana biyu a layi ba; jarka zai ɗauka ya nufi ɗan bumburutu. Wato gwamnati na biyan tiriliyoyi da sunansa, shi kuma yana saye da tsada.

Ba za a ce bai bar komai ba. Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda ta shafe kusan shekara ashirin tana yawo a majalisa, shi ya sa mata hannu ranar 16 ga Agusta, 2021. Ita ta mayar da NNPC kamfani mai zaman kansa, ta ware wa al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfanoni, ta kuma ware kaso mai tsoka don neman mai a sababbin wurare. A watan Yunin 2020 ya ƙaddamar da aikin bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ke jira. A Nuwamban 2022 ya je Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da haƙar man farko a Arewa, burin da ya daɗe yana ɗauke da shi. Mako guda kafin ya sauka, ranar 22 ga Mayu, 2023, ya yanke kyallen buɗe matatar Dangote a Legas mai ganga 650,000. Sojan da ya yi imani gwamnati ce za ta tace mai ta raba, aikinsa na ƙarshe a harkar shi ne buɗe matatar ɗan kasuwa, Bakano, a bakin teku.

Dokar 2021 ta ce a sakar wa kasuwa farashin mai, ta kuma rushe Asusun Daidaita Farashi a matsayin hukuma mai cin gashin kanta. Buhari ya sa hannu, amma a Janairun 2022 ya ɗage aiwatar da janye tallafin da wata 18, lissafin da ya kai shi daidai bayan saukarsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, yana zaune a dandalin Eagle Square, Bola Tinubu ya sanar cewa tallafi ya tafi. Cikin kwana biyu NNPC ya fitar da sabon jadawali: Naira 488 a Legas, wajen 540 a Kano, 557 a Maiduguri. Farashi ɗaya a faɗin ƙasa ya ƙare a hukumance, kuma wanda ya fi nisa da teku shi ya fi biya. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura Naira dubu. Masu hali cikin manoman rani suka fara komawa injin mai aiki da hasken rana ko tukunyar gas, marasa hali suka rage faɗin abin da suke shukawa.

Makonni kaɗan bayan saukarsa, kakakinsa Garba Shehu ya bayyana dalilin jinkirin: da an janye tallafin kafin zaɓe, da jam'iyyar APC ta faɗi.

Buhari ya koma Daura, daga baya ya koma gidansa na Kaduna. Ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025 yana da shekara 82, aka binne shi a gidansa na Daura bayan kwana biyu. A lokacin bututun gas bai iso Kano ba, Kolmani ba ta fara fitar da mai zuwa kasuwa ba, matatar Fatakwal da aka tayar a Nuwamban 2024 an sake rufe ta a watan Mayu. Kwanaki kaɗan kafin rasuwar, sabon shugaban NNPC, Bayo Ojulari, ya shaida wa manema labarai a Vienna cewa kamfanin na sake nazarin matatunsa, har da ta Kaduna, kuma sayar da su na cikin abubuwan da ake dubawa.